Tambaya da Amsa: Man Injin Jirgin Ruwa Yana Lalacewa a Ajiye?

Tambaya daga wani mai jigilar fasinja a Yawuri: Assalamu alaikum. Na tarar da katan guda na man tu-sturok na injin jirgi, wato man da ake haɗawa da fetur, a shagon marigayi yayana, gora 12 masu lita ɗaya-ɗaya, ba a fasa ko ɗaya ba. Ina jin sun kai shekara 4 a ajiye, kuma ban ga ranar ƙarewa a jikinsu ba. Injina Yamaha ne mai ƙarfin doki 40. In yi amfani da su ko in zubar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka da rahama. Kada ka zubar tukuna, Malam. Man da yake cikin gorarsa ta asali, hatimin murfin bai karye ba, ba ya saurin mutuwa. Yawancin kamfanonin da suke yin sa suna ba da tsakanin shekara 2 zuwa 5 daga ranar da aka zuba shi a gora, in an ajiye shi a inuwa. Da yawa ba sa rubuta ranar ƙarewa, sai dai lambar rukuni da ranar ƙira, wadda za ka gani an buga da ƙananan baƙaƙe a wuyan gorar ko a gindinta. Nemo ta, don ka san ainihin shekarunsa.

Amma shekaru kaɗai ba su ke yanke hukunci ba. Shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ya haura digiri 40, tanderu ne, kuma zafi yana gaggauta tsufar mai. Don haka ka gwada gora ɗaya kafin ka amince da sauran.

Samo kwalba mai garai-garai, busasshiya ƙarau, ka tsiyaya kamar rabin kofi ba tare da ka girgiza gorar ba. Ɗaga ta a hasken rana. Man kirki launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, shuɗi ko kore ko ja, gwargwadon rinin da kamfanin ya sa, kuma haske yana ratsa shi. In ka ga hazo-hazo, ko ya yi fari kamar an ɗiga masa madara, ruwa ya shiga. In ka ga gudaji, ko yana yauƙi yana jan zare kamar miyar kuɓewa, sinadaran cikinsa sun rabu. Sai ka juye sauran a hankali ka leƙa gindin gorar. Ɗan duhu kaɗan da yake ɓacewa in an girgiza ba komai ba ne. Laka mai kauri da ta manne ta ƙi narkewa, wannan gorar ta tashi daga aiki.

Gwaji na biyu shi ne ya fi muhimmanci, domin aikin man ke nan: ya narke cikin fetur. Auna mililita 20 da sirinji ka zuba a lita ɗaya ta sabon fetur cikin kwalba, ka girgiza, ka rufe, ka bar ta ta kwana a inuwa nesa da wuta. Da safe in launin ya gauraye ɗaya, babu abin da ya kwanta a ƙasa, babu zare-zare yana yawo, to yi amfani da abinka. Ka riƙa girgiza kowace gora sosai kafin ka buɗe, ka kuma fara ƙarar da su kafin ka sayi sabo.

Tambaya daga wani masunci a Doron Baga: Nakan sayi galan mai lita 4 in riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, yana cikin jirgi kullum. Yanzu saura kamar kwata, amma ya yi kauri fiye da yadda na saye shi, har ba ya son gauraya. Me ya jawo?

Amsa: Ɗan'uwa, murfin ne da rana. Man tu-sturok ba mai ne zalla ba. Akwai asalin man da ke sa santsi, akwai sinadaran da ke wanke kabon da hana tsatsa, sannan akwai wani siririn ruwa, dangin kananzir, da ake sa masa musamman don ya yi saurin bin fetur. Wannan na ƙarshe shi ne yake tsiyayewa ya bi iska duk lokacin da aka buɗe galan ko aka bar murfin sako-sako. Galan da ya rage kwata, kashi uku cikin huɗu nasa iska ce. Da rana ta faɗaɗa ta fita da tururin, da dare ta yi sanyi ta jawo sabuwar iska mai laima daga kan tafki. Laimar ta zama raɓa a bangon galan ta gangara cikin man. Kullum haka, wata da watanni. A hunturu kuma ƙura ce take shiga, ita kuwa ƙura a cikin silinda tamkar yashi ce a ido.

Ga yadda ake gane ruwan da ido bai gani ba. Ɗora tsohon cokali ko guntun ƙarfe a wuta har ya yi zafin da ɗigon ruwa zai yi cuwww ya ɓace, ka sauke shi daga wutar, ka matsa nesa da duk wani fetur, sannan ka ɗiga man. In ya bazu shiru yana ɗan hayaƙi, babu ruwa. In ya yi tartsatsi yana ƙas-ƙas kamar an jefa ɗanyen kifi a man suya, da ruwa a ciki.

Kada ka ce za ka tsinka shi da kananzir ko gas. Ba ka san adadin da ya tashi ba, kuma ma'aunin haɗinka zai rikice. In kaurin kaɗan ne kuma ya ci gwajin kwana cikin fetur, ƙarar da shi cikin makon nan. In ya ƙi narkewa, mayar da shi na shafa wa sarƙa da ƙugiya da kusoshi. Nan gaba ka raba galan ɗin cikin tsofaffin gorunan man masu lita ɗaya, ka cika su har wuya, ka tafi ruwa da ɗaya, sauran su zauna a ɗaki. Ban da gorar ruwan sha da ba ta bushe ba, ban da jarkar da ta taɓa ɗaukar manja ko man gyaɗa. Gorar da aka buɗe, a yanayinmu, a yi ƙoƙari ta ƙare cikin shekara ɗaya.

Tambaya daga wani mai jirage uku a Lakwaja: Muna haɗa fetur da mai a jarkoki mu ajiye saboda tsada da ƙarancin fetur. Wani lokaci jarka takan yi wata biyu ko uku. Yarana suna kukan inji yana wuyar tashi, yana kuma mutuwa a tsakiyar ruwa. Bakanike ya ce man ne ya tsufa.

Amsa: Alhaji, bakanikenka ya kama ɓarawo amma ya kira shi da sunan maƙwabcinsa. Fetur ne ya tsufa. Da zarar an haɗa su, rayuwar man ta koma ta fetur, shi kuwa fetur a zafin nan namu yana fara canzawa cikin kamar kwana 30. Sassan da suka fi saurin kama wuta su ne suke fara tashi, shi ya sa ake ta jan igiya inji bai tashi ba. Abin da ya rage yana haɗuwa da iska ya zama wani danƙo ruwan kasa mai warin tsohon fenti. Danƙon nan yake toshe ƙananan ramukan kafireta.

A nan haɗarin yake, kuma mutane ba su cika lura da shi ba. A injin tu-sturok na haɗi, babu wata ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa kamar ta mota. Duk santsin da fistin da ringi da boris na karanshaf suke samu, ta cikin kafireta yake biyowa tare da fetur. Ramin da ya toshe rabi yana rage fetur, yana rage mai, yana kuma ƙara zafi, duka a lokaci guda. Injinka yana iya ci gaba da tafiya alhali yana ƙuna a hankali, sai ranar da fistin ya kama bango ya tsaya cak da lodi a tsakiyar Neja.

Sai batun ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin jarka da gindin tanki, daidai inda bakin tiyo yake zuƙa. In fetur ɗin yana da sinadarin etanol ko metanol, abin ya fi muni, don suna shan laima har su ƙoshi, sannan su rabu da fetur su kwanta ƙasa tare da ruwan. Wannan kwantaccen ruwa ba ya ɗauke da man kirki. Masu tunawa da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2022 sun san irin ɓarnar da ya yi wa injuna.

In dole ne ka tara fetur, tara shi ba haɗi, a jarka cike, murfi a ɗaure, a inuwa, ba a ɗakin kwana ba, kana juya tsohon ka fara da shi. Haɗin kuwa a yi na kwana biyu zuwa mako guda. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 50 da 1, wato mililita 20 na mai a kowace litar fetur: 240 a tanki mai lita 12, 480 a mai lita 24, rabin lita cif a lita 25. Sabon inji ko wanda aka sauya wa fistin da ringi akan ba shi 25 da 1, ninki biyu ke nan, na awa 10 na farko. Duba littafin injinka, don akwai waɗanda ma'auninsu ya bambanta. Ka kuma lura jarkar da ake kira ta lita 25 takan ci fiye da haka in an cika ta fal, musamman wadda rana ta kumbura. A fara zuba fetur kaɗan, a zuba man, a girgiza, sannan a cika, a sake girgizawa. A yi amfani da mazurari mai rariya.

Su kuma yaran, a hana su al'adar ƙara mai wai don tsohon haɗi ya farfaɗo. Mai fiye da ƙima ba ya gyara fetur, sai dai hayaƙi, fulogi ya jiƙe ya yi baƙi, kabon ya taru har ringi ya maƙale a raminsa.

Tambaya daga Yeji, ƙasar Gana: Mu a nan tafkin Bolta firimis muke saye, wanda gwamnati take rangwanta wa masunta. Shi ma yana tsufa?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Firimis fetur ne da aka riga aka haɗa da mai, don haka duk abin da muka faɗa wa Alhajin Lakwaja ya hau kansa. Wanda ya daɗe a duro, a ɗebo daga can ƙasa da tiyo a zuba a kwalba a duba ruwa kafin ya shiga tanki.

Tambaya daga wani matashi a Jabba: In man jirgi ya yanke, zan iya sa na babur ko na ƙaramin janareta? Ai duk tu-sturok ne.

Amsa: Na fitar da kai bakin gaɓa, i. Na kullum, a'a. Injin jirgi ruwa ne yake sanyaya shi, kuma yana daɗewa a wuta ɗaya da nauyi a kansa, saboda haka ake yi masa man da ba ya barin toka. Alamarsa TC-W3, ma'aunin ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, NMMA. Man injin da iska take sanyayawa, mai alamar API TC ko JASO, yana da sinadaran da in sun ƙone suke barin toka a kan fulogi da kan fistin. Tokar takan yi ja ta kunna fetur kafin lokacinsa, har ta kai ga huda fistin. Baƙin man mota, wanda wasu suke zubawa don arha, ya fi kowanne muni, balle wanda aka juye daga wata motar.

Tambaya daga wata mai sayar da mai a bakin kasuwar kifi: Ina sayen duro ina aunawa masunta. Kusan kullum in ya zo ƙarewa sai na ga na ƙasan ya yi fari. Duron a waje yake, amma a rufe.

Amsa: Hajiya, duro yana numfashi ko da a rufe yake. In yana tsaye, ruwan sama da raɓa suna taruwa a kan fuskarsa, cikin da'irar bakin nan. Rana ta gasa shi iska ta fita ta zaren murfi, dare ya yi sanyi ya zuƙo ruwan da yake kwance a kan murfin. Ki kwantar da shi a kan katako biyu, murafan biyu su daidaita hagu da dama, kamar ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a agogo, yadda man zai rufe su ta ciki. In babu wurin kwantarwa, a sa katako a gefe ɗaya ya karkata, ruwa ya taru nesa da murafan, a yi masa rumfa. Gwangwanin awo da mazurari a kife su cikin bokiti mai murfi. Farin nan na ƙasa kada ki gauraya shi da sabon duro.

Tambaya daga wani mai jirgin shaƙatawa a Legas: Injina yana da tankin mai daban, shi yake haɗawa da kansa. Zan ajiye shi wata biyar. Me zan yi?

Amsa: Irin naka ya fi na haɗi saurin cutuwa da mai mara kyau, don famfon yana jan man ta siririn tiyo da 'yar rariya. Ruwa a tankin, ko cakuɗa mai iri-iri barkatai, yana iya sa man ya daskare kamar kamu ya toshe rariyar, inji ya ci gaba da shan fetur ba mai. Zauna a kan iri ɗaya. In za ka sauya, ka bari tankin ya kusa ƙarewa, ka juye, ka wanke rariyar. Kafin ajiya ka cika tankin man don iska ta ragu, ka duba robar murfin.

Shi kuwa injin, tunda ruwan gishiri yake shiga, kunna shi cikin ruwan daɗi na minti 10 zuwa 15, kada ka taɓa kunna shi a bushe ko na daƙiƙa kaɗan, don robar famfon ruwa za ta ƙone. Kwance ƙusar gindin kafireta fetur ya tsiyaye. Cire fulogi, zuba kamar ƙaramin cokali na man a kowane rami, ka juya injin sau uku ko huɗu a hankali, ka mayar da su. Sauya man giya na ƙafar injin, lamba 90, ana ɗura shi ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama. In tsohon ya fito fari, cire farfela ka duba bayanta, galibi zaren kamun kifi ne ya naɗe ya yanka robar da ke tare ruwa. A jingine injin a tsaye, kai a sama, don ruwan da ya rage ya zube ta ƙasa.