Ga mai shirin sayen mota da zarar ya sauka Landan

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka sami gurbin digiri na biyu a Landan, ka ware fam 1,500 za ka sayi ƙaramar mota ta hannu ka riƙa kai wa mutane abinci da yamma, ta ciyar da kanta ta kuma biya maka haya. Tambayarka ita ce wace iri ce ba ta shan mai. Raina yana ɓaci duk sanda irin wannan lissafi ya zo daga gida, domin wanda ya karanta muku shi ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Mai shi ne ƙaramar matsalarka.

Bizar ɗalibi ta yarje maka aikin sa'a 20 a mako lokacin karatu, a ƙarƙashin wanda ya ɗauke ka aiki yake biyan ka albashi. Ba ta yarje maka sana'ar ƙashin kanka ba, kuma masu kai abinci ta manhajoji irin Deliveroo da Uber Eats a matsayin masu zaman kansu ake lissafa su. Za a ce maka ka ari rajistar wani ka yi da sunansa. Kada ka soma. In aka kama ka, bizar ce za ta tafi, da ita da kuɗin makarantar da aka sayar da fili aka biya. Ɗaukar fasinja kuwa sai da lasisi na musamman daga hukumar sufurin Landan, kuma ba a ba wanda cikakken lasisinsa na Birtaniya ko na Turai bai shekara uku ba.

Lasisinka na Najeriya wata 12 kacal yake aiki daga ranar da ka zauna a ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa. Dole ka koma ɗan koyo: lasisin wucin gadi fam 34 ta intanet, jarrabawar ƙa'idoji fam 23, ta tuƙi fam 62, sannan jiran ranar jarrabawa na iya cin watanni. Gwanaye a titin Kano suna faɗuwa, ba don rashin iya sitiyari ba, sai don ba su saba a ga suna duba madubi kafin kowane motsi ba, ga tuƙi ta hagu, ga shataletalen da ake ba na dama hanya.

A ce ka sayi motar. Mota mai arha irin wadda kuɗinka zai saya galibi tsohuwa ce, kuma tun 29 ga Agusta 2023 tsarin ULEZ, wato cajin da ake yi wa motoci masu gurɓata iska, ya mamaye dukkan gundumomin Landan. Mai fetur da ba ta kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 4 ba, wato yawancin waɗanda suka girmi 2006, ko mai dizal da ba ta kai Euro 6 ba, wato kusan duk waɗanda aka yi kafin ƙarshen 2015, fam 12.50 za ka biya duk ranar da ka motsa ta. Shi ya sa za ka ga dizal mai sheƙi da farashin banza. Babu shinge, babu jami'in da zai tsare ka ka ba shi haƙuri. Kyamara ce ke karanta lambar mota, wasiƙa ta biyo ka gida da tarar fam 180, a rage rabi in ka biya cikin kwana 14. Shiga tsakiyar birni da rana kuɗinsa daban, fam 15 ne a 2025. Tsayawa cikin zane mai ruwan ɗorawa na mahaɗar titi tara ce, bin layin bas tara ce, ajiye mota a ƙofar gidan da kake haya ma a unguwanni da yawa sai ka sayi izini daga gunduma.

Inshora ce ke karya mutane. A nan direba ake yi wa ita tare da motar, kuma sabon zuwa mai lasisin waje, wanda ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar, sau da yawa kuɗin shekararsa ya fi kuɗin motar. Ta yau da kullum ba ta ɗaukar kai kaya don kuɗi. Tuƙi babu ita tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisi, kuma 'yan sanda na iya kwashe motar nan take. Ƙara gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, wanda ba ya wuce fam 54.85 amma gyaran da zai tono maka ba shi da iyaka, da harajin hanya.

Abin da ya kamata ka koya tun kafin ka taso shi ne bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Farashin da zan faɗa na 2025 ne, kuma yakan motsa a watan Maris. Bas ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin sufuri na Oyster ko katin banki na taɓawa. Hawa ɗaya fam 1.75, kome nisa, kuma duk bas ɗin da ka sake hawa cikin sa'a guda kyauta ne. Kome yawonka a bas, ba za a cire maka fiye da fam 5.25 a yini ba. Jirgi kuwa da shiyya ake lissafinsa, da kuma lokaci: daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki ya fi tsada. Ka taɓa kati a shiga, ka taɓa a fita, ko da ka tarar da ƙofar a buɗe, in ba haka ba a cire maka kuɗin tafiya mafi tsada. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne shiga da waya su fita da katin roba na asusu ɗaya. Na'urar mutum biyu take gani, ta caje ka sau biyu. Da zarar makaranta ta yi maka rajista ka nemi Oyster na ɗalibai, yana rage kashi 30 cikin ɗari a tikitin mako da na wata.

Batun ɗaki ya fi na mota gaggawa. Kuɗin da ake neman ɗalibin Landan ya nuna a asusu, wanda ya kasance fam 1,483 a wata a farkon 2025, sharaɗin biza ne, ba kasafin zama ba. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, kicin da bayi na kowa da kowa, yakan cinye fiye da rabinsa. Sa'a 20 a kan mafi ƙarancin albashi na 2025, fam 12.21 a sa'a, kuwa fam 244 ne a mako, in ka sami aikin, in kuma an cika maka sa'o'in. Doka ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya cikin kwana 30 ya ba ka shaida. Kada ka tura sisi daga gida kan ɗakin da hotonsa kawai ka gani. Ka tambaya ko wuta, gas, ruwa da intanet suna cikin hayar. Ka duba bayan durowa da kusurwar taga: baƙin tabo fumfuna ce, alamar ɗaki mai danshi da zai ci maka kuɗin hita ya bar ka da tari a Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Harajin gunduma ba ya kan cikakken ɗalibi, amma sai ka karɓi takardar shaida daga makaranta ka tura musu.

Cefane shi ne wurin da kake da iko. Shinkafa, taliya, mai, ƙwai da madara a Aldi ko Lidl. Doya, manja, attaruhu, kuɓewa da busasshen kifi a Rye Lane da ke Peckham ko kasuwar Ridley Road a Dalston, inda ake zuba tumatir da albasa a kwano. Naman halal ka saya da kilo wajen mahauta, ka raba a leda ka daskarar. Kuka, daddawa da yaji ka taho da su daga gida a ƙulle da kyau, amma kilishi da duk wani nama ko madara an hana shigo da su daga Najeriya, za a ƙwace a filin jirgi. Ka riƙa fita da jakarka domin leda ma sayen ta ake, kuma ranar Lahadi manyan kantuna sa'a shida kawai suke buɗewa.

Fam 1,500 ɗin nan ka bar shi a asusu, shi ne kuɗin ajiyar ɗaki da rigar sanyi ta kirki da abincin makonnin farko kafin albashi ya fara shigowa. Turo mini sunan unguwar da makarantarka take, in duba maka layukan bas da ke zuwa can da inda ya kamata ka nemi ɗaki.