Ɗana na gyangyaɗi a aji, me zan gyara a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗana mai shekara 15 zai rubuta jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, bana. Malamansa sun ce yana gyangyaɗi a aji, kuma yakan dawo da ciwon kai, alhali har tsakar dare yake kai wa yana karatu. Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Karatun tsakar daren nan ne muka fi zargi. Yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. In zai tashi ƙarfe biyar da rabi don sallar asuba, to ƙarfe tara da rabi ta same shi a shimfiɗa. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka koya da rana, shi ya sa wanda ya kwana yana hadda yakan wayi gari rabi ya zube. Ya mayar da bitarsa bayan la'asar da bayan asuba, minti 40 a zaune, hutun minti 10, sannan ya koma.

Ki bincika ko yana zaman fada, wato majalisar samari ta hira da shan shayi, da dare. Shayi mai kauri da Nescafé na ɗauke da sinadarin da ke korar barci, kuma kusan rabinsa na nan a jiki bayan awa biyar. Kofin da aka sha bayan isha'i yana aiki har cikin dare. Wayar salula ma ta kwana a ɗakinki. In wani aboki ya ba shi tramol wai don ƙarfin karatu, ya guje shi: yana kama jiki, kuma yana iya jawo farfaɗiya.

Kada ya fita da ciki wayam. Koko shi kaɗai ba ya riƙe yaro har azahar, a haɗa masa da ƙosai, ƙwai, gyaɗa ko fura da nono. Wake, zogale da hanta na ƙara jini, amma shayi kan hana jiki tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, don haka a bar tazarar awa ɗaya tsakaninsu. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba: in ta yi fari fat, a je a auna jininsa.

Ciwon kai kuwa sau da yawa ƙishirwa ce, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Mun san wahalar ruwa a garin nan, duk da haka a cika masa gora mai lita ɗaya da rabi kullum. Fitsari mai duhu alama ce bai sha isasshe ba. Ki kuma tambaye shi ko yana ganin allo sosai daga inda yake zama, don raunin ido na kawo ciwon kai, yara kuma ba sa faɗa.

A Oktoba, lokacin komawa makaranta, sauron damina bai ƙare ba. Ya kwana cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓi a yi gwaji kafin a sha magani, kada a saya wurin masu talla. In ciwon kai ya zo da zazzaɓi mai zafi, amai da sandarewar wuya, musamman a hunturu da bazara, ana tsoron sanƙarau ne. A kai shi asibiti nan take, ko da cikin dare.