Amsa ga mai tambaya kan aikin agajin gaggawa a motar asibiti

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka gama sakandare a nan Bauchi, kana sha'awar zama faramedik, amma mutanen gida sun ce ai direban motar asibiti ne kawai, kuma kana son sanin inda ake karatun. Na shekara goma sha ɗaya ina aiki a bayan wannan mota, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Direba daban, faramedik daban. Aikin faramedik shi ne ya tallafi ran mutum, da ikon Allah, daga inda abin ya faru har ya damƙa shi a hannun likita: ya buɗe masa hanyar numfashi, ya tsayar da jini, ya sa masa oksijin, ya ɗaure karaya, ya yi ƙarin ruwa idan ta kama. Idan zuciya ta tsaya, za ka danna ƙirji sau 30 ka hura iska sau 2, kana dannawa sau 100 zuwa 120 a minti guda, kuma sai ka yi wannan a cikin mota tana gudu tana faɗawa ramuka sannan za ka san cewa minti biyu ma lokaci ne mai tsawo.

Amma abin da ya fi ba ni wahala ba jini ba ne, jama'a ne. Wata rana da la'asar mota ta kife a hanyar Alkaleri, muka iske mutane sun ciccibo wani magidanci, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, wani kuma yana ƙoƙarin ɗura masa ruwa a baki. Duk don Allah suke yi, ban musa ba. Mutumin yana cewa wuyansa na ciwo, yatsunsa sun yi sanyi, sai na durƙusa na riƙe kansa da hannu biyu, na hana kowa motsa shi har aka kawo abin ɗaure wuya da allon da ake kwantar da mai rauni. Wani dattijo yana ta yi mini faɗa wai ina ɓata lokaci, ni kuwa ina ce masa, "Baba, a yi haƙuri, a dai matsa mana." Da aka ɗauki hoto a asibiti, ashe ƙashin wuyan ya tsage. Idan ba ka iya tausasa harshe alhali kana tsaye a kan maganarka ba, wannan aikin zai gajiyar da kai.

Batun karatu kuwa, ka nemi kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik. Akwai difloma ta shekara biyu a fannin, wadda NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, take tantancewa, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Benin yana cikin waɗanda suka fara horar da faramedik a ƙasar nan. Kada ka biya ko sisi a wata makaranta sai ka tabbatar an tantance kwas ɗin kansa, ba makarantar kaɗai ba. Da yawanmu kuma ta wata ƙofa muka shigo, wato muka fara karanta aikin jinya ko kiwon lafiyar al'umma a makarantu irin na Ningi da Kaltungo, daga baya muka ƙara horo a kan agajin gaggawa.

Guraben aiki ba su da yawa, albashin ma bai taka kara ya karya ba, ko da yake shirin NEMSAS na agajin gaggawa da motocin asibiti da gwamnatin tarayya ta fara a 2022 ya sa ana ƙara neman masu wannan horo, ga kuma hukumar kiyaye haɗurra da manyan asibitoci.

Kafin ka sayi fom, ka je ofishin Red Cross ka yi rajistar koyon taimakon farko, ka bi su fita ko sau uku ne, musamman lokacin hawan sallah. Idan ka dawo gida ka iya cin abinci ka yi barci, to, ka sake yi mini magana mu duba makarantun tare.