Amsa ga ɗan'uwan da injin ɗumama kwaminsa yake ɗaukewa

Assalamu alaikum Malam. Sau biyu na karanta tambayarka, inda ka ce injin ɗumama ruwan kwamin ninkaya na otal ɗinku yana tashi, ya yi kamar minti goma ya ɗauke, allonsa ya nuna HP, kuma wani mai gyara ya ce maka gas ne ya ƙare. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin da irin wannan maganar aka cuce ni a wani otal da nake kula da kwaminsa a Jos, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Ina roƙonka kada ka bari kowa ya taɓa gas ɗin tukuna. Injin da gas ɗinsa ya tsiyaye LP yake nunawa, wato matsi ya yi ƙasa, shi kuwa HP nufinsa matsi ya yi yawa, kuma abin da ya fi kawo shi ƙarancin ruwan da ke ratsa injin ne: kwampreso, wato ɓangaren injin da ke matsa gas, yana ta turo zafi, babu isasshen ruwan da zai kwashe shi, sai matsi ya hau, na'urar kariya ta yanke wuta. Gas ba fetur ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. Idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma sai an nemo wurin an like kafin a yi zancen ƙari.

A lokacin ban san wannan ba. Ana tsakiyar hunturu, baƙi suna ƙorafin sanyin ruwa, sai manaja ya kawo wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Mutumin nan ko takardar da ke manne a jikin injin bai duba ba, alhali an rubuta irin gas ɗin da injin yake amfani da shi, R410A, ɓaro-ɓaro. Ya sauko da tukunyar gas ɗin da yake ɗura wa tsofaffin na'urori, babu sikeli, ya yi ta ɗurawa. Da injin ya sake ɗaukewa, a gabana ya ɗauki guntuwar waya ya haɗe bakin na'urar kariyar, ya ce ita ce mai matsala. Na ce masa hankalina bai kwanta ba, ya kalle ni ya ce in tsaya ga sharar ganye. Kwana biyu injin ya yi yana aiki ana ta sa masa albarka. A dare na uku na shiga ɗakin famfo na ji ƙaurin ƙonewa, na zagaya na taɓa jikin kwampreso, zafinsa bai bar ni na riƙe ba. Washegari manaja ya tara ma'aikata, ya ce sakacina ne, aka zaftare mini albashin wata biyu, ina da iyali, ga kuɗin makarantar yara a gabana. Shi kuwa wanda ya yi ɓarnar ya karɓi kuɗinsa cif, ya kashe wayarsa. Na bar shi da Allah.

Wani dattijo da aka ɗauko daga Kaduna, Allah Ya saka masa da alheri, shi ya sa sabon kwampreso, amma kafin ya kunna sai da ya wuce kai tsaye wurin filta, wato tukunyar yashin da ke tace ruwan kwamin. Agogon matsin da ke kanta ya hau, da aka buɗe ta yashin ya dunƙule kamar an kwaɓa siminti, kwandon famfo cike da ganye, bawul ɗin tsakiya, wanda ke barin ruwa ya kewaye injin, a buɗe yake gaba ɗaya. Ka fara da waɗannan yau: ka wanke kwandon, ka juya ruwa baya ka wanke yashin har ruwan ya fito garau, sannan ka riƙa rufe bawul ɗin tsakiya kaɗan-kaɗan. Ya kamata zafin ruwan da ke fita daga injin ya ɗara na mai shiga da kamar digiri 2. Idan ka ga tazarar ta kai 5 ko 6, ruwan bai isa ba.

Kada kuma ka tsorata idan fanka ta tashi kwampreso bai biyo ta nan take ba, domin da gangan aka sa masa jinkirin minti 3 zuwa 5. Ƙurar hunturu tana toshe siraran ƙarafan bayan injin inda yake shaƙar iska, ka kashe wuta ka wanke su da ruwa marar ƙarfi don kada su lanƙwashe. Kuma kada a riƙa zuba kulorin a inda zai bi ta cikin injin da ƙarfinsa.

Sannan ka yi wa maigidanka lissafi tun da wuri, don kada a ɗora maka laifin da ba naka ba. Kwami mai lita 60,000 yana buƙatar kusan kilowat-awa 70 kafin ya hau digiri ɗaya, wato kusan awa huɗu ga inji mai ba da zafin kilowat 17. Idan an bar ruwan a buɗe cikin dare, busasshiyar iskar hunturu za ta kwashe abin da aka tara da rana, saboda haka ku nemi marufi.

Ka duba agogon filtar da zafin ruwan shiga da na fita, ka faɗa mini lambobin, in Allah Ya yarda zan duba maka su kafin mai gyaran nan ya dawo.