Zafin wuta a cikin tanderu: me ya sa lissafin kwamfuta ke ƙin dacewa?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya, ɗalibi ne ni daga Tudun Wada Kaduna. Ina furojet akan tanderun da ke ƙona iskar gas, na yi simuleshan (kwaikwayon aikin tanderun a kwamfuta) a manhajar ANSYS Fluent amma zafin harshen wutar ya haura abin da aka auna sosai. Malaminmu ya ce radiyeshan ne matsalar. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Malaminku ya yi gaskiya. Radiyeshan shi ne zafin da ke tafiya ba tare da iska ta ɗauke shi ba, irin wanda ke dukan fuskarka in ka tsaya nesa da masu narka alminiyom a Panteka. Ƙarfinsa yana bin T⁴ ne, wato zafin (T) a ninka shi da kansa sau huɗu, daga Kelbin (ma'aunin zafi) 1000 zuwa 1500 sai ya ninka kusan sau 5. Toh kaga in ka kashe shi a lissafi, wutarka ba ta da inda za ta zubar da zafi, dole ta haura.

Amma kunna shi kawai bai wadatar ba, nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa. Naitirojin da oksijin ba ruwansu da radiyeshan, wucewa yake ta cikinsu. Masu shanye shi su kuma fitar su ne CO₂ da tururin ruwa, su ɗin ma ba a kowane zangon haske ba, ana kuma auna tsawon zangon ne da maikuron, CO₂ yana aiki ne a wajen maikuron 2.7, 4.3 da 15, tururi kuma a wajen 2.7 da 6.3 da wasu wuraren, tsakaninsu kuwa fili ne fayau kamar ramukan rariya. Saboda haka in ka ba gas ɗin lamba guda ta shanyewa kamar ko'ina ɗaya ne, ka riga ka ɓata aikin tun daga tushe, komai kyan kwamfutarka.

Mafi inganci shi ne a lissafa layi-layi, wato kowane ɗan zangon da gas ke shanyewa daban, da rumbun bayanan HITEMP mai ɗauke da waɗannan layukan, sai dai layukan miliyoyi ne, furojet ɗin digiri ba zai ɗauka ba. Ni dai shawarata ka ɗauki WSGG. Dabara ce ta Hottel da Sarofim tun 1967, ana ɗaukar gas ɗin tamkar haɗin gas uku ko huɗu masu sauƙin lissafi, da guda ɗaya wanda ba ya shanye komai. Lambobin da aka fi amfani da su na Smith, Shen da Friedman ne na 1982, daga Kelbin 600 zuwa 2400. Ka kula da abin da kake ƙonawa fa, mitan yana ba da tururi biyu a kan kowane CO₂ ɗaya, man fetur da dangoginsa kuwa kusan ɗaya da ɗaya ne.

Sai hanyar warwarewa. Hanyar da ake kira P1 a Fluent tana da sauri, amma ta fi dacewa da babban tanderu mai kaurin hayaƙi, a ƙarami takan zuzuta zafin da ke fita. Ka ɗauki hanyar DO, mai bin radiyeshan kusurwa-kusurwa, ka ƙara yawan kusurwoyi har sai amsar ta daina canzawa. Za ta ci lokaci kam, ga matsalar wutar lantarki, don haka ka riƙa adana aikinka akai-akai.

Ka dubi launin wutar kuma. In shuɗiya ce kamar ta risho mai gas to gas ɗin ne kawai ke aiki, in ta yi rawaya akwai kunkunniya, ita kuma tana fitar da zafi a kowane zango, sai an saka ta daban.

Kafin ka yarda da kowane hoto mai launi, yi lissafin hannu. Matsakaicin tsawon hanyar haske shi ne 3.6 sau girman ciki, a raba da jimillar faɗin fuskokin ciki duka, har da sama da ƙasa. Tanderu mai mita 2 ta kowane ɓangare zai ba ka mita 1.2. Ka kai wannan jadawalin Hottel ka ciro ƙimar fitar da zafi, ka gwada da ta Fluent. In sun yi hannun riga, duba lambar fitar da zafi da ka ba bangon, da yawa suna barinta a 1 yadda suka same ta.