Akwati ya cika, wuta ta gaza: amsoshi ga masu haɗa sauti

Tambaya daga wani matashi mai ɗan situdiyo a unguwar Birni, Damagaram (Zinder): Malam, shekara biyu ke nan ina tara modul-modul na sintesaiza irin ta Eurorack, wato na'urar haɗa sauti da ake jera ƙananan sassanta, modul, a cikin akwati, yanzu sun kai 14. Tushen wutar da na fara da shi ƙarami ne, takardarsa ta ce 1000 mA (miliamfa, ma'aunin yawan wutar da ake ja) a +12, da 500 mA a −12. Kwanan nan in na kunna, biyu daga cikin masu allo ba sa tashi sai na kashe na sake kunnawa, kuma osiletata ɗaya, modul ɗin da ke samar da sauti, ba ta tsayawa a kan murya. Ina so in ƙara layi na biyu, da modul biyar. Wane tushen wuta zan saya, mai wat nawa?

Ƙanena, ka ajiye maganar wat tukuna, don ita ce ke ɓatar da mutane. Akwatinka ba wuta ɗaya yake ci ba. Tun da Dieter Doepfer ya fito da tsarin A-100 a Jamus a tsakiyar shekarun 1990, wanda daga baya ya zama Eurorack, hanyoyin wuta uku ne ke bin allon rabo, wato allon da ke raba wa modul wuta: +12 bolt, −12 bolt, da +5 bolt. Kowace da nata ma'auni. Ka ɗauke su kamar mangala a bayan jaki: in ɓangaren hagu ya cika har yana tsagewa, ba ruwansa da cewa na dama da sauran wuri. Mai sayarwa zai ce maka tushen wutarsa wat 60 ne, ka ji daɗi, ashe rabinsa na zaune a +5 ɗin da kusan babu modul ɗinka da ke taɓawa.

Na nemi ka aiko mini da sunayen modul ɗin, ka aiko, na tara abin da masu ƙera su suka rubuta. A +12 kana jan 870 mA, a −12 kuma 460 mA. Wato kashi 87 cikin ɗari na ɗaya, kashi 92 na ɗayar. A takarda ba ka tsallake iyaka ba, shi ya sa kake mamaki. Amma lambobin da ake rubutawa na lokacin da modul ya zauna ne yana aikinsa. Lokacin da ka danna makunni, kowane kondansata (ɗan abin da ke tara wuta ya riƙe) da ke cikin akwatin fanko yake, duk a tare suke buɗe baki. Mu mutanen Damagaram ba sai an yi mana dogon bayani ba: ka san yadda famfo ke yi in ruwa ya dawo, kowane gida ya tara bokiti a lokaci guda, na ƙarshen layi sai ɗigo. Modul masu ƙwaƙwalwar kwamfuta su ne na ƙarshen layin nan. In bolt ɗin ya faɗi a daidai lokacin da suke tashi, sai su maƙale. Da ka kashe ka sake kunnawa nan take, kondansatocin ba su gama zubar da abin da suka ɗiba ba, shi ya sa karo na biyu yake tashi. Wannan alamar kaɗai ta ishe ni in ce tushen wutarka ya gaji da kaya.

Osiletar da ke yawo kuwa, zan fi zargin −12. Modul na analog suna cin hanyoyin biyu kusan daidai wa daida, kuma wasunsu daga waɗannan hanyoyi suke ɗaukar ma'aunin muryarsu. In hanyar ta yi rauni, muryar ta bi ta. Amma ka fara ba ta minti goma sha biyar ta ɗumama kafin ka yanke mata hukunci, don yawo a farkon kunnawa halin osiletar analog ne ko da wutar lafiya lau take.

Masu wannan harka a Turai kan ce kada a wuce kashi 80 na ƙarfin kowace hanya. Ni a nan ina cewa 70, kuma dalilina zafi ne. A watan Afrilu da Mayu garin nan na wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin situdiyo mai rufin kwano da aka toshe tagoginsa don ƙara ta waje ya fi haka, cikin akwatin kuma ya fi ɗakin. Tushen wuta yana rasa ƙarfi in ya yi zafi, masu ƙera shi ma suna zana wannan a takardunsu, kondansata kuma tana saurin tsufa. Abin da ya isa a ɗaki mai sanyi a Berlin ba lalle ya isa a Birni da azahar ba.

To mu yi lissafin. Modul biyar ɗin da ka ce kana so ka ƙara za su ci wajen 350 mA a +12 da 200 mA a −12. Jimla 1220 da 660. Raba kowanne da 0.7, ka samu kusan 1750 da 950. Ka nemi wanda ke ba da 2000 mA a +12, da aƙalla 1000 mA a −12. PSU3 na Doepfer, alal misali, yana ba da 2000 da 1200, kuma yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. Ba shi kaɗai ba ne a kasuwa, na kawo shi ne don ka ga irin lambobin da za ka nema. Akwai shafin ModularGrid a intanet, kyauta, inda za ka jera modul ɗinka ya tara maka jimlar kowace hanya. Ka yi amfani da shi, amma ka duba takardar kowane modul, don masu amfani da shafin ne ke shigar da lambobin kuma wani lokaci sukan yi kuskure.

Akwai wata hanyar da na fi so ga mai irin aljihunmu. Kada ka yar da tsohon. Ka bar masa rabin kaya, ka sayi na biyu don sabon layi, kowanne da allon rabonsa. In za ka raba, ka tara masu allo da ƙwaƙwalwa a gefe ɗaya, osileta da filta na analog a ɗayan, hayaniyar waɗancan ba za ta riƙa tsallakowa cikin sautin waɗannan ba. In ɗaya ya mutu ana tsakiyar aiki, kana da rabin akwati, kuma kai ka san tsawon jiran kaya daga Faransa ko Jamus kafin su iso Yamai balle Zinder. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba: kada ka taɓa haɗa tushen wuta biyu a kan allon rabo ɗaya. Bolt ɗinsu ba ya zama daidai cif, ɗaya zai riƙa tura wuta cikin ɗayan. Wayar ƙasa kaɗai ake haɗa musu.

Ka tambaya a ƙarshen saƙonka ko mai taransifoma ya fi, don ka ji ana cewa sautinsa ya fi tsabta. Akwai gaskiya a ciki, mai taransifoma ba ya yin siririyar ƙarar nan ta sama da irin mai karɓar bolt 100 zuwa 240 kan yi. Amma yana da nauyi, kuɗin jigilarsa ma abin dubawa ne, yana zubar da zafi mai yawa cikin akwati, kuma an naɗa shi ne don bolt guda. In kuran ta yi ƙasa da yamma lokacin da kowa ya kunna fanka da firiji, shi ma sai ya sauka, ka ji gurnani a cikin sauti. Mai karɓar 100 zuwa 240 bai damu da wannan faɗuwa ba. A nan, shi zan saya, muddin na kirki ne da aka yi don kayan sauti. In kuma wani ya kawo maka na hannu daga Amurka, ka karanta bayansa kafin ka kusanci bango da shi. Can bolt 120 suke, mu 220. Taransifomar 120 a bangonmu hayaƙi ne kawai.

Tambaya daga wata mai shirya kiɗa a Zango: Ina da pano na hasken rana da batir biyu a gida. Tunda akwatin 12 yake ci, batir ma 12 ne, me zai hana in jona shi kai tsaye in huta da ɗauke wuta?

'Yar'uwa, tunanin mai kyau ne, amma kada ki yi. Batir ba ya ba da −12, kuma in babu ita yawancin modul ba za su yi aiki ba, wasu ma za su iya lalacewa. Sannan 12 ɗin batir suna ne kawai: yana caji yakan haura 14, in ya kusa ƙarewa ya sauko 11 da wani abu. Akwatinki yana son 12 da ba ta motsi.

Hanya biyu ke gare ki. Ta farko, ki bi ta konbertisa, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta bango, amma ki tabbata irin mai fitar da wuta mai santsi ce, wadda masu sayarwa ke kira pur sinus. Ɗayar, mai araha, wutarta a datse take kamar matakala, kuma wannan datsewar za ta fito miki a lasifika kamar kukan ƙudan zuma, ta kuma ɗumama duk wata taransifoma da ke hanya. Ta biyu, ki sayi tushen wuta irin wanda ke karɓar wutar batir ta ƙaramin rami ya juya ta da kansa zuwa hanyoyi uku. Sai dai da yawansu suna neman bolt 15 ko sama da haka, don haka sai an sa ɗan abin da zai ɗaga wutar batir ɗin ya riƙe ta wuri guda. Ki karanta iyakar da aka rubuta kafin ki fitar da ko dala.

Lissafin zai faranta miki rai. Akwatin da ke jan 1200 mA da 700 mA bai kai wat 25 ba, ki ƙara asarar juyawa ki ce 35. Fanka ta tsaye ta fi shi ci. Lasifikan situdiyo ne za su shanye batir ɗin, ba sintesaizar ba, kuma da abin sawa a kunne za ki yi aikin dare cikakke. Waɗanda suka yi irin wannan shiri sun ga amfaninsa a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take aiko wa Nijar.

Abin da ya taɓa ci mini kaya ba ɗaukewar wuta ba ce, dawowarta ce. Wata rana da dare aka ɗauke, na fita shan iska na bar komai a jone, da ta dawo ta dawo da ƙarfi, na shigo na tarar da warin ƙonewa. Tun ranar in aka ɗauke, hannuna na fara zuwa makunnin akwati kafin in nemi tocila. Haka nan da gurup, wato janareta: a tayar da shi, a bar shi ya daidaita, sannan a kunna kaya, a kuma kashe kayan kafin a kashe shi.

Ki kuma sa mai aikin wuta ya duba ko gidanki na da wayar ƙasa ta gaske. Gidaje da yawa ramin na uku a bango ado ne. Ƙasarmu busasshiya ce ga duwatsu, don haka sandar da aka kafa sama-sama ba ta aikin komai, sai an nemi wuri mai danshi an zurfafa. In kina jin ɗan tsikari a yatsa in kin taɓa fuskar modul, daga nan ne.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'ar André Salifou: Wani mai gyaran rediyo ya ce zai haɗa mini da tushen wutar tsohuwar kwamfuta, ko ya sayo tushen wuta na kamfanin Mean Well daga Kano. Kuɗin bai kai rabin na waje ba. In yarda?

Na kwamfuta a'a. −12 ɗinsa 'yar kaɗan ce, sau da yawa 300 mA, kuma ba a yi shi don kunne ba. Mean Well RT-65B kuwa mutane da yawa sun gina akwati da shi: 2.8 amfa a +12, amma 500 mA kaɗai a −12, ka ga matsalar da na gaya wa mai tambayar farko ta dawo. Yana kuma son a ɗora wa +5 ɗinsa ɗan kaya kafin sauran su daidaita. Babban abin da ke damuna shi ne 220 ɗin tana shiga ne ta kusoshi a fili, a cikin akwatin da za ka riƙa zura hannu kullum. In mai gyaranka zai rufe shi a gidansa daban, ya sa fiyus, ya haɗa wayar ƙasa, kuma kayanka ba su wuce 350 mA a −12 ba, to ka yarda. In ya ce ai ba komai, za a naɗe da salatif, ka gode masa ka tafi.

Kuma duk wanda ya haɗa, kada modul ya shiga sai an auna. Ka kunna akwatin babu komai a ciki, a ɗora mita a kan allon rabo, a ga +12 da −12 kowace a inda ya kamata. Sannan ka kashe, ka sa modul mafi araha, ka kunna, ka kashe, ka ƙara wani. Jan layin da ke gefen faffaɗar wayar da ke haɗa modul da allon rabo yana fuskantar −12 ne, a allon rabo da kuma bayan modul. Ka bi rubutun da ke kan allon, kada ka dogara da tsagar bakin wayar, don akwai wayoyin da aka matse a juye, kuma ba kowane modul ke da kariya daga juyewar wuta ba. Guraben da ba ka cike ba ka toshe su ko da kwali mai kauri ne, saboda bakin waya na ƙarfe kan faɗa ciki ya taɓa allo, ga kuma ƙurar hunturu. Ka bar ramukan iska ta ƙasa da ta baya a buɗe, zanen rufi kuma sai bayan ka kashe akwatin ya huce.