Na Gaba da Na Baya a Gardamar Dambe

Wani mai karatu daga Gusau ya rubuto yana cewa: "Allah ya gafarta Malam, kullum sai mun yi gardama da kawuna a kan dambe. Shi a wurinsa tun da Shago da Ɗandunawa suka bar fage, Muhammad Ali ya yi ritaya, dambe ya mutu. Sai ya rufe bakina da 'na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.' Ni kuma in ce masa 'karen bana shi ke maganin zomon bana.' Wa ya fi gaskiya a cikinmu?"

To ɗan'uwa, ka gaishe mini da kawu. Karin maganarsa tana da wani sirri da ya kamata mu tsaya a kai. Kalmar "gaba" a Hausa baki biyu gare ta. In ka ce "nan gaba", abin da bai zo ba kake nufi. Amma in ka ce "magabata", kakanni kake nufi, waɗanda suka riga mu. Haka "baya": "a shekarun baya" zamanin da ya wuce ne, alhali "'yan baya" su ne yaran da ke tasowa. Yara kan rikice a nan, har wani ɗalibi ya taɓa ce mini ai na gaba shi ne ɗan zamani tun da shi ya ci gaba. A'a. Hoton da ke cikin maganar na ayari ne. Wanda ya yi sammako ya kama hanya shi ne a gaba, kai da ka taso da hantsi kana bayansa, duk zangon da ka sauka sai dai a ce maka jiya wane ya kwana nan. Saboda haka kawu ya yi amfani da ita daidai. Sai dai ka lura da kalmar ƙarshe, labari. Abin da ya iso kunnen yawancinmu game da Shago ta bakin makaɗi ya iso, musamman Ɗan Anace, kuma aikin makaɗin maza shi ne ya zuga gwaninsa. Ba a ɗauko kalangu don a lissafa ranakun da gwani ya sha ƙasa.

Taka kuwa ba ta ce karen bana ya fi na bara gudu ba. Cewa ta yi kowane zamani da irin dabarar da ke maganin matsalarsa. Zomon bana ya koyi sabuwar zilliya, sai karen da ya taso tare da shi. Ka jawo ta inda ba ta je ba.

A damben Turawa abin a fili yake. Rocky Marciano, wanda ya yi ritaya da nasara 49 ba a taɓa doke shi ba, nauyinsa wajen kilo 85 ne. A ma'aunin yau ajinsa yana ƙasa da na manya. Tyson Fury ya haura kilo 120. Na yanzu sun fi girma, suna da likita da mai kula da abinci da bidiyon abokin karawa. Amma Sugar Ray Robinson ya yi dambe kusan 200 tsakanin 1940 da 1965, Floyd Mayweather kuwa 50 ya yi. Karawar Ali da George Foreman a Kinshasa a 1974 turmi 15 aka tsara mata, ko da yake Ali ya gama da shi a na 8. Bayan mutuwar Duk Koo Kim, ɗan damben Koriya ta Kudu da ya rasu sakamakon dukan da ya sha a fage a 1982, aka fara rage damben kambu zuwa turmi 12. In ra'ayina kake so, a juriya da yawan shiga fage ina bayan kawunka, a ƙarfin jiki da tanadi ina bayanka.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambaya: "Me ya sa ake cewa an kashe ɗan dambe, ga shi kuma ya tashi yana karkaɗe wando?"

Malama, kisa a gidan dambe kai mutum ƙasa ne. Da hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi, ko da ko ƙwarzane bai samu ba. In an yi turmi uku kowa na tsaye, sai a ce babu kisa, a raba su. Yaren mayaƙa ne dambe ya gada: hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, wanda ake miƙawa a buɗe shi ne garkuwa. Wanda ya taɓa tsayawa a gidan damben Dei-Dei a Abuja ya san yadda abin yake: mutum ya zube, kalangu ya ɗauka, 'yan ɓangarensa su ruga su ɗaga shi, wani na yi masa fifita da riga, can gefe kuma ana ta manna wa wanda ya yi kisan kuɗi a goshi.

Akwai wanda ya tambayi ma'anar "shagon wane" a sunayen 'yan dambe, ko shagon sayar da kaya ne. Babu haɗi. Shagon wane yaronsa ne da ya taso a hannunsa, ya gaji sunansa a fage. Haka ake samun Autan wane, Bahagon wane in da hagu yake naushi, Dogon wane, Garkuwan wane. Mutumin Gusau, ka kai wa kawu wannan: a ɓangarorin damben gargajiya uku, wato Kudu da Jamus da Guramaɗa duka, yaron da ke tashe yau da wuya ka ji an kira shi ba tare da sunan ubangidansa a maƙale ba.